Taku Arba'in da Uku Daga Bakin Rijiya

Shagari,
ranar Laraba, kwana biyu bayan ruwa na uku.

Zuwa ga Khadijatu, Dijen mutanen Dingyaɗi, inuwar tsamiyar da nake gudu gare ta in rana ta take, ruwan sabuwar randa, farin watan da na yi shekara arba'in da huɗu ina duba bai gundure ni ba, uwar ɗakina, abokiyar tsufana, kuma tun kwana ashirin da huɗu da suka wuce, kakar Ɗantani!

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishirwa da ya hango rijiya daga nesa. Ina gajiya, ina hidimar mai jego? Yaya Rashida da ruwan zafi? Allah ya sa tana jure wa ganyen dogonyaro ba ta cika miki kunne da raki. Yaya kuma sabon angon naki, wannan ɗan ƙwace da ya zo duniya ba haƙori, ba gona, ba ko 'yar taguwa, ya raba ni da matata da rana tsaka? Na ji labari a ƙirjinki yake barci yanzu. Ki ce masa ya ci lokacinsa. Ki kuma tuna masa ni na riga shi.

Wallahi Dije, ban san akwai sauran irin wannan murna a jikin tsoho ba! Shekara tara 'yarmu tana jira, muna jira tare da ita, har mun daina tambaya don kada mu sa ta kuka. Ranar da kika miƙo mini shi a zauren gidan surukinmu a Boɗinga, nauyinsa bai fi na albasa biyar ba, amma sai da na nemi wuri na zauna da shi. Ya kama ɗan yatsana ya riƙe kamar ya san ni tun da. Har yau in ina tafiya cikin kasuwar Shagari sai in tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, in tare mutumin da ban sani ba in ce masa na yi jika. Jiya na gaya wa mai goro, ya ce, "Baba, ka gaya man shekaranjiya, ka gaya man da sahe. Allah shi raya, amma ka bar ni in yi ciniki!"

To amma ba murna kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ki zauna, hasken idona. Ki miƙa wa Rashida yaron kafin ki ci gaba da karatu.

Na yi miki ƙarya.

Tun da aka kai ki ɗakina ban taɓa yi miki irinta ba, kuma kwana goma sha huɗu ke nan ina ɗauke da ita. Ranar da cibiyar yaron nan ta faɗi, kin naɗe ta cikin ƙyallen zanenki mai ruwan bula, kika ƙulle, kika danƙa mini ba tare da kin dubi fuskata ba. Kika ce, "Tunda an ce sojan sun tashi, tahi ka bizne ta inda 'yan uwanta su ke. Ƙarƙashin lallena, ba wani wuri ba. Jikana ba shi zama baƙo cikin duniya." Na sa ta a aljihun ƙirji na shiga motar Bala mai ɗaukar albasa, ya sauke ni a bakin hanya bayan Dandin Mahe, na taka sauran da ƙafa zuwa Tungar Marke, garinmu da muka yi shekara biyu da wata bakwai ba mu gani ba. Da la'asar ya dawo ya ɗauke ni. Ya dubi fuskata ya ce, "Baba Mijinyawa, mi za ni ce ma Inna Dije?" Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce ya gaya miki gida yana nan, lalle yana nan har ya yi fure, cibiya kuma an binne.

Ko ɗaya cikin ukun nan ba gaskiya ba ne.

Da Bala ya dawo mini da amsarki, na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce kin rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya ce kin fara ɗaure kayanki tun yanzu, kin sayi sabuwar tabarma, kuma kin ce, "Ce mai shi share man ɗaki, amma kada shi taɓa man lalle da wanga hannu nai na noma." Dije, wane ɗaki zan share? Ina ɗakin yake?

Babu gida, zumata. Ba rushewa ya yi ba, da na ga kango in zauna a gindinsa in yi kuka. Shafe shi aka yi. Sojan sun kawo motar nan mai tura ƙasa ta bi ta kan unguwarmu gaba ɗaya, gidanmu da na Ladan maƙwabcinmu da duk na layin gabas, don a samu filin ajiye manyan motoci. Aka zuba jan tsakuwa aka daddaɓe, ƙasa ta yi tauri kamar dutsen niƙa. Ƙasar gidajenmu kuwa aka ture ta gefe aka yi ganuwa da ita, doguwa, ta kewaye wurin, da rami mai zurfin tsayin mutum a bayanta. Bangon ɗakinki yana cikin wannan tudu. Rumbuna yana ciki. Murhunki da ya ciyar da mu shekara arba'in yana ciki, an cakuɗa shi da na mutane, ba mai iya cewa ga nasa. Kuma babu itace ko ɗaya! Marken da garin ya ci sunansa, tsamiyar masallaci, dogonyaron makaranta, kukar bakin kasuwa, duk an sare, wai don kada maƙiyi ya sami wurin laɓewa. Na tsaya a tsakiyar garin da aka haife ni, na juya gabas na juya yamma, na kasa sanin inda nake. Ko tsuntsu babu. Kin taɓa jin gari babu kukan kurciya, Dije? Ni na ji, kuma ban so ki ji.

Abu biyu kaɗai suka rage a tsaye: rijiyar unguwa, don ita suka sha, da makarantar firamare, don a cikinta suka kwana. Na shiga ajin da Rashida ta yi karatu. Sun ƙona bencuna sun yi girki. A bango kuwa, da gawayi da ƙusa, duk sunaye ne. Na tsaya na karanta su ɗaya bayan ɗaya, a hankali irin karatuna. Sunayen mata ne da na yara, wasu irin namu, wasu na can kudu da harshena ya kasa juyawa. Wani ya ja layi-layi yana ƙirga kwanaki, ya kai ɗari huɗu da wani abu, sai layin ya tsaya. Ban sani ba ko gida ya tafi ko kabari. Na shiga ajin nan da niyyar tsine musu, na fito ban san wa zan tsine wa ba. Ashe su ma akwai Dijen da ke jiransu. To wa ya ci ribar wannan zama? Mu da aka kora, ko su da aka ajiye a ɗakin yara suna ƙirga kwana?

Akwai maganar da ba ki taɓa yi mini ba, ni ma ban taɓa yi miki ba, yau kuwa sai na yi. Hannun nan da ke rubuta miki, shi ya rubuta takardar da ta kira su.

Ke kika fara iya karatu, ajin mata na gidan mai gari. Kina karanta mini katin asibiti da rubutun buhun taki kina wani lumshe ido, har kunya ta kore ni zuwa ajin manya na bayan la'asar ina da furfura a gemu. Kin tuna ranar da malam ya ce kowa ya fito ya rubuta abu mafi daraja a gidansa? Wani ya rubuta sa, wani keke, wani rumbu. Ni na fita da alli na rubuta Khadijatu, aji ya fashe da dariya, aka yi wata guda ana kirana mijin Hadiza a bakin kasuwa. Da labari ya iso miki kika rufe fuska da mayafi kika ce, "Wanga mutum zai kashe ni da kunya!" Amma ranar nan miyar da kika yi mini har da zabuwa. Ban manta ba.

To da ɓarayin daji suka matsa mana, suka kore shanun gari sau biyu, suka ɗauke mutum huɗu a fadama, dattawa suka taru suka ce a rubuta wa hukuma a roƙi soja. Aka ce Mijinyawa ya iya boko. Na zauna a tsakiyarsu ina jin kaina kamar alƙali, na rubuta, kowa ya dangwala yatsa. Ranar da motoci suka shigo, wa ya fi mu murna? Ku mata kuka yi guɗa, kuka dafa tuwo tukunya-tukunya. Ke da kanki kika aika musu fura da nono har kwana bakwai. Kuma gaskiya ɗaya ce, ɓarayin sun ja baya, mun yi barci wata uku.

Daga nan doka ta fara sauka kamar ƙanƙara. Kada a shuka gero da dawa, sun cika tsawo, sai wake da gyaɗa. Kada a hau babur. Kada kasuwa ta ci. Aka kashe layin waya. Kada a wuce fadama bayan la'asar, alhali albasa ba ta san doka ba, ruwanta take so a lokacinsa. Mu da ake zuwa awo wurinmu daga Mandera muka koma bin layi muna karɓar masara. Duk mun haɗiye, muna cewa tsaro ne. Sai ranar Asabar ɗin nan da aka harbe musu mutum biyu a hanyar fadama, suka tara duk namijin da bai kai arba'in ba a filin makaranta, suka ware goma sha tara, suka ce za a kai su a tantance a dawo da su. Kamilunmu yana ciki, da laka a ƙafarsa daga ban-ruwa, watansa biyar da aure.

Dije, kurciyata, ki yafe mini zan taɓa inda ke ciwo. Uku kika haifa kafin shi, duk suka koma tun ba su yi tafiya ba. Shi ne na farko da ya tsaya, kika riƙe shi riƙon ɗan fari: shekara ashirin da tara ba ki taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" kike cewa, ko "yaron ga". In ya shigo ɗaki sai ki kau da kai, ki tura masa ƙwarya da ƙafa kamar ba ke kika zaɓar masa tsokar da ta fi kyau ba. Amma ranar da motar nan ta tashi da su, kin fito ba mayafi, kin bi ta da gudu, kika buɗe baki a gaban gari duka kika kira shi. Sau uku. Ya waiwayo. Na ga fuskarsa, mamaki ne a cikinta ya fi tsoro. Wannan ne jinsa na farko da sunansa a bakinki, kuma ban san ko akwai na biyu ba.

Bayan wata biyu aka ba mu kwana biyu mu bar gari.

Takarda goma sha ɗaya na rubuta ina tambayar inda yake. Na kai wasu da hannuna, na zauna a benci daga hantsi har azahar, a ce in dawo. Ba a taɓa ce mini ya mutu ba, ba a taɓa ce mini yana da rai ba. A'isha matarsa ta jira iyakar jira, alƙali ya sallame ta, mu muka raka ta da addu'a. Ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da za ki aika a yayyafa wa ruwa. Shi ya sa na san abin da lallen nan yake a wurinki, ko da ba ki faɗa ba. Cibiya shida kika binne a gindinsa da hannunki, ta huɗu tasa ce. Duk faɗin duniyar Allah, wannan ne kaɗai wurin da kika tabbata akwai wani abu na jikinsa. Da aka raɗa wa jikanmu Kamilu ranar suna, kika ce ke dai Ɗantani za ki kira shi tunda Litinin ya zo, na gane kina so ki kai ƙaramin ya kwanta kusa da babban. To ta yaya zan aiko Bala ya ce miki mota ta bi ta kai? Da wane baki?

Na yi kwana goma sha biyu ina zuwa daga Shagari kullum, in yini ina yawo a kan tsakuwa kamar wanda ya yar da allura. Mutanenmu sun fara dawowa, ba su fi gida ashirin ba, kowa ya kafa bukkar kara inda yake zaton nan ne nasa, har an fara faɗa kan iyaka tsakanin mutanen da kakanninsu ba su taɓa sa-in-sa ba. Samari babu, sun watse Sakkwato da Ikko. Yaran da suka rage shekara uku ba aji. Wasu mutane sun zo da takardu suna tambayar ɗaki nawa kowa ya rasa. Na duba takardar sama da ƙasa, akwai gurbin ɗaki, akwai gurbin rumbu, babu gurbin ɗa. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa, ran nan an ga baƙin fuska uku da bindiga a bakin fadama, kowa ya gani, kowa ya yi shiru. Na ce a kai rahoto, Ladan ya dube ni ya ce, "Kai za ka rubuta, Mijinyawa?" Na sunkuyar da kai. Kin ga inda aka kai mu: muna tsoron ɓarawo, muna tsoron mai korar ɓarawo, an zo tsaron gari an tsare shi har babu garin.

Yanzu ki share hawayenki, tauraruwata, ki gyara zama. Ban rubuto don in karya miki zuciya in tafi ba. Shekaranjiya wani abu ya faru.

Kin tuna kina amarya, da na hana ki zuwa rijiya na ce ni zan riƙa ɗebo miki ruwa? Maza suna yi mini dariya, tsofaffi suna cewa an shanye ni, ni ko a jikina. Randarki tana gindin ɗan lallen da kika zo da shi daga Dingyaɗi a cikin kaskon da ya fashe. Kullum da safe in na ɗora tulu sai in taho ina ƙirga taku da ƙarfi don ki ji ni tun daga nesa ki fito. Ke kuma ki leƙo ta bayan asabari ki ce, "Yau nawa?" In ce arba'in da uku. Ki ce, "Jiya ma haka ka ce, ko rijiyar ba ta matsowa?" Arba'in da uku, daga bakin rijiya, fuska ga alƙibla, zuwa gindin lalle. Ruwan Litinin da ya sauka ne ya tuna mini, ina fake a barandar makaranta ina kallon rijiyar nan tana tsaye ita kaɗai. Na ce kai, Mijinyawa, an shafe gida amma ba a matsar da rijiya ba, ba a kuma matsar da alƙibla ba!

Ruwa na ɗaukewa na je na jingina bayana da bakin rijiya, na yi bisimilla, na ƙirga. Arba'in da uku. Na duba ƙasa: tsakuwa. Na durƙusa na shafa da hannu, ba komai. Na koma na sake. Tsakuwa. Sau biyar, Dije, ina ƙarewa a wuri ɗaya, tsakiyar fili inda manyan tayoyi suka fi daddaɓewa, inda ko ƙaya ba za ta tsiro ba. A na biyar na zauna a cikin laka na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tafi da Kamilu. Na ce shi ke nan, an haɗa da saiwar an tafi.

Ina nan zaune ina kallon sawuna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, layi biyar daga rijiya zuwa inda nake. Sai na lura da su. 'Yan gajeru, kusa-kusa, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Sawun tsoho mai shekara sittin da tara da ciwon gwiwa. Sai na gane. Wa ya ƙirga arba'in da uku? Ai ba wannan tsohon ba ne! Saurayi ne ɗan ashirin da biyar, da tulu a ka, da amarya tana jiransa bayan asabari. Wannan yaron ba tafiya yake yi ba, tashi yake!

Na miƙe. Na naɗe riga na ɗaure a ƙugu. Na ari jarkar wata mata na cika na ɗora a ka, don ƙafa ba ta tuna abin da kai bai ɗauka ba. Na rufe ido na ga asabarin nan yana motsi, na ga ɗan yatsanki da jan lalle yana ɗaga shi. Sannan na buɗe ƙafa na taho, ina ƙirgawa da ƙarfi yadda na saba. Mutane suka fito daga bukkoki. Ladan, wanda yanzu ba ya magana sai da ihu, ya ce, "Jama'a ku zo ku gani, Mijinyawa ya zautu! Kai tsoho, amarya anka kawo maka?" Ban kula shi ba. Ruwa yana zuba a wuyana, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na wuce inda na zauna na yi kuka tun ina talatin da ɗaya. Arba'in. Arba'in da ɗaya. Na arba'in da uku ya sauke ni daidai gindin ganuwar nan, inda tsakuwa ta ƙare. Wani yagaggen buhun yashi yana yashe a wurin. Na ɗaga shi.

Allahu Akbar! Dije! Dijena!

Tsiro uku, tsawon taƙi ɗaya, sun fito daga wani baƙin kututture da bakin motar ya sare daidai da ƙasa. Sun yi fari-fari don rashin rana, sun lanƙwashe suna neman hanya ta ƙarƙashin buhu, amma da ransu. Na tsinki ganye ɗaya na murza na kai hanci, sai ga tafin hannunki, sai ga daren sallah, sai ga shekara arba'in da huɗu gaba ɗaya a kan ɗan yatsana! An sare shi, an danne shi, an yi shekara biyu ana taka shi da takalmin ƙarfe, ruwa uku kawai ya samu ya ce ga ni. Wa ya koya wa itace irin wannan taurin kai in ba mai shi ba? Ladan ya iso yana haki, ya duba, ya cire hula. Na juye masa jarkar nan duka, lallen nake nufi, ba Ladan ba. Na kewaye shi da ƙayar magarya saboda awaki.

Saura magana ta uku, kuma ita ce mai nauyi. Ban binne cibiyar ba, kuma ba zan iya ba yanzu. An kafa allo da jan fenti a bakin gari: tafiya an yarda, tono an hana. Sojan sun bar abubuwan fashewa a cikin ƙasa, wasu da gangan a bakin rami, wasu sun faɗi ba su tashi ba, kuma wanda ya san inda suke an mai da shi wani gari. Ladan bai jira ba, ya kafa garma a gonarsa watan jiya, ta ci karo da wani ƙarfe. Ya fashe, shanunsa biyu suka mutu a take, kunnensa na dama kuma ya mutu, shi ya sa yake ihu. An ce masu na'urar bincike za su zo su duba ƙasa. Yaushe? An ce za su zo. Manomi da damina a kansa, an ce kada ya huda ƙasa! Na tsuguna gaban lallen nan da 'yar wuƙata a hannu, rami ɗan taƙi ɗaya kawai nake bukata, zuciyata tana cewa yi, ba abin da zai faru. Sai na tuna yatsan yaron nan a kan nawa, na tuna ke. Na mai da wuƙa kube. Na riga na jawo miki rashin mutum ɗaya, ba zan ƙara miki na biyu ba.

Ga ta nan a aljihun ƙirjina, cikin ƙyallenki, ina jin ta duk numfashin da na ja.

To yanzu hukunci naki ne, sarauniyar ɗakin da babu. Ba zan ɓoye miki ba: in kin dawo, bukkar kara za ki shiga, ba inuwa, ba kasuwa, ba tabbacin barci. Za mu ajiye cibiyar nan mu jira masu bincike, wata ɗaya ko shekara, Allah ya sani, ranar da suka wuce ki binne ta da hannunki kusa da ta mai sunansa. Dama ba aikin namiji ba ne, ban san addu'ar da kike yi ba. In kuwa kin ce kin gaji, kin ba garin nan ɗa ba za ki ba shi sauran kwanakinki ba, wallahi ba zan ga laifinki ba. Sai mu binne ta a Boɗinga bayan ɗakin Rashida, yaro ya zama ɗan can, ni kuma in bar gona da fadama da kaburburan iyayena in zo in zauna a zauren suruki ina korar kaji, in dai zan riƙa jin tarinki ta bayan katanga. Na gwada kwana goma sha huɗu babu ke, na ga iyakar ƙarfina.

Na san ki, ba za ki iya faɗa mini da baki ba, ni ma ba zan iya tsayawa in ji ba. Kuma mutumin da ya yi ƙarya sau ɗaya ba shi da ikon cewa a yarda da shi. Shi ya sa na sa shaida a cikin takardar nan. Ki buɗe ƙullin da ke ƙasa a hankali: ganye bakwai ne, shida na waɗanda ke kwance, ɗaya na wanda ke aljihuna. Ki yafe, na taɓa miki lalle da hannun noma. Ki murza ki shinshina, ke kin san naki cikin dubu. Ba za su isa tafin hannu ba, amma za su isa farce ɗaya.

Ranar Juma'ar da Rashida za ta cika arba'in zan zo a motar Bala. Zan yi sallama a zaure, ki kawo mini ruwa kamar kullum. Ba fuskarki zan duba ba, hannun da ya riƙo ƙwaryar zan duba. In na ga fari, na fahimta, ba kuma zan ƙara tayar da maganar ba har abada. In na ga ja a ɗan ƙaramin yatsanki, to kin yafe ƙaryar, kin yafe takardar farko, za mu koma gida. Kuma ki sani, tulu na riga na saya. Gwiwa ta ce ba za ta ƙara yin arba'in da uku ba, ta ce hamsin da tara ne iyakarta. Na ce mata ba komai, mai leƙowa ta iya jira.

Wannan ce takarda ta goma sha uku da na rubuta a kan abin da ya same mu, kuma ita kaɗai na tabbata za a karanta har ƙarshe.

Ki sumbaci kishiyina a goshi, ki ce kakansa yana riƙe da amanarsa. Ki gai da Rashida da maigidanta.

Ni ne naki tun tulun farko, naki a gida, naki a bukka, naki ko a zauren suruki, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa ba ni ke ƙirga takun ba,

Mijinyawa na Dije.